Igiyoyin Baffa

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bahago ne. Da hagu yake tatsa, da hagu yake riƙe sanda, in ya tufka igiya kuma murɗinta baya yake juyawa, saɓanin na kowa. Ko cikin tarin igiyoyi aka jefa tasa, ni zan tsamo ta.

A farkon shekarun casa'in shanunsa suka ƙare. Ciwon huhu ya kwashi wasu, sauran aka yi ta sayarwa ana cin hatsi. Muka baro ruga muka zauna a wani gari kusa da Kafin Hausa, ni na samu koyarwa a firamare. Abin da nake samu ba ya riƙe gida, Baffa kuwa gara ya kwana da yunwa da a ce an ba shi. Na ga ranar da ya mayar da geron fidda-kai da maƙwabci ya aiko, har yana faɗa wai shi ba a raina shi haka.

A bakin tasha akwai wani mai shago, ɗan tsamurmurin mutum mai sayar da gishiri da sabulu da kananzir. Malam kawai ake ce masa. Shagon bai taka kara ya karya ba, amma shi ke zuba wa fitilar masallaci mai, shi ke gyara famfon unguwa in ya lalace, allin Islamiyya ma daga wurinsa yake fita. Wata rana ya tarar da Baffa a gindin darbejiya yana tufkar rama don rage zaman banza. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya juya igiyar a hannu.

"Baffa, wannan ai ita 'yan kasuwar Ringim suke nema ruwa a jallo. Duk wadda ka tufka a kawo mini, zan saya."

Wallahi kamar an mayar wa Baffa da garkensa. Ya koma tashi da wuri, yana jiƙa rama, yana yi mini tsawa in na taka masa zare. Ranar kasuwa shi ke sayo cefane da kansa. Ni kuma, uban 'yan baki, babu inda ban faɗa ba, har a ɗakin malamai, cewa igiyar tsohona ta gagari Ringim. Shekaru muka yi a haka.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya ɗauki himma. Dattawa suka ce abin kunya ne awaki suna kiwo a kan kaburbura, a yi gayya a kewaye maƙabarta da darni. Manoma suka kawo kara, masu amalanke suka kawo itace. Malam yana kwance a asibitin Dutse, ƙanensa ne ke tsaron shago. Da aka je masa neman gudummawa, bawan Allah, bai san komai ba, sai ya ce ai akwai wasu igiyoyi jibge a ɗakin baya da yayansa ya hana a taɓa, a zo a kwasa.

Ina tsaye kusa da Baffa amalanken ya iso, an labta masa igiya har tana zubowa. Mai shela ya ɗaga murya yana sa wa Malam albarka, jama'a suna kabbara. Ni tun daga nesa na ga murɗin. Na ce a raina, inna lillahi! Baffa ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga ƙasan tarin. Ta yi baƙi, gara ta ci gefenta. Ya ɗauki wata sabuwa fil, ta makon jiya. Ko ɗaya ba ta je Ringim ba.

Wani malami abokin aikina ya dube ni, ya dubi igiyar, ya kawar da kai. Da ma zagina ya yi. Kunya ta rufe ni, kuma haushin Malam ya turnuƙe ni, ina sane da cewa abincin da ya ƙosar da 'ya'yana daga hannunsa ya fito. Na rasa wa zan yi wa fushi.

Baffa ya mayar da igiyar kan tarin. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗaurin darni, bai tsaya ba sai da aka kira la'asar. A hanyar gida na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Kai, yi mini shiru."

Da aka sallamo Malam, gidanmu ya fara zuwa, yana dogara sanda. Ya durƙusa a zaure, idonsa a ƙasa kamar wanda aka kama da sata.

"Baffa, a yi haƙuri. Wallahi har yanzu ina buƙatar igiyar."

Baffa ya dube shi. Sannan ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Malam. Amma maƙabarta ɗaya ce a garin nan, kuma an gama kewaye ta."

Bai sake tufka ba. Ramar da ya jiƙa ta ruɓe a cikin kwatarniya, ni na zubar da ita. Ya koma zama a gindin darbejiya hannu biyu a kan gwiwa, abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Damina biyu bayan nan muka kai shi cikin darnin nan. Malam ne ya kawo likkafani, ni kuma na karɓa, na kasa ɗaga ido in dube shi.