Hotunan Ƙirjin Ƙanwata

Ni tun ina yaro ba na karɓar magana sai na juya ta na ga bayanta. Da kumburi ya fito a wuyan ƙanwata aka ce maƙoƙo ne, ban yarda ba. Da aka ce ciwon daji ne a babban asibiti, nan ma sai da na yi gardama, har aka yi aiki aka cire, aka aika tsokar wani gari don a auna.

Inna kuwa tuni ta yanke hukuncinta a ƙauyenmu, Babban Duhu. Akwai wata Bafillatana da ta daɗe tana kawo mana nono daga ruga, Gwaggo muke ce mata. Wata rana ta dubi ƙanwata ta ce, "Kai, ɗiyar nan da wuya kamar na barewa!" Ba ta ce tubarkalla ba. Ba a yi wata uku ba kumburin ya fito. Inna ta ce kambun baka ne, ta hana Gwaggo shiga gidanmu. Zance ya bi gari, har mata suka fara janye 'ya'yansu in ta sauke ƙwarya, cinikinta ya mutu.

Nawa zargin a kan dogon ƙarfen sabis yake, wanda aka kafa kusa da makarantar da nake koyarwa a Safana. Da shi na tafi karɓar sakamako, na shirya rigima.

Likitan ya zaunar da ni. Ya ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani abu kamar doguwar igiya, shi ke tsara aikinta. A tsokar da aka cire, igiyar ta tsinke wuri biyu, ta ƙullu ba daidai ba, bakin wannan ya kama na wancan, shi ne ƙwayoyin suka yi ta hayayyafa ba birki. Ya ce an fi ganin irin wannan ƙulli ga waɗanda haske mai ratsa jiki ya taɓa suna ƙanana.

Na ce, "Na faɗa! Ƙarfen sabis ne."

Ya ce, "A'a, Malam, nasa ba ya wannan ɓarna. An taɓa yi mata hoton ƙirji tana yarinya?"

Ƙanwata ta yi fama da tari tana ƙarama, kuma a wajen Inna hoto magani ne, kamar allura. Cewa take shi ke ƙona tarin. Akwai wani mutum a can bayan tasha, a wani gari da ba zan ambata ba, mai tsohon injin hoto a shago, ba ya neman takardar likita. Da yarinya ta yi gyaran murya sai Inna ta goya ta su hau akori-kura. Damina nawa aka yi haka, ban sani ba. Lokacin ina kwalejin horon malamai, na san sarai hoto ba ya warkarwa, amma dariya kawai nake yi, ina tsokanarta wai ƙanwata ta fi amarya yawan hoto.

Likitan ya ce ba zai rantse ba, don ana samun wannan ƙulli har ga wanda bai taɓa ganin injin ba. Na dube shi, na kasa gane gaskiya yake faɗa ko lallashi.

Na isa gida da la'asar, Inna na ɓarar gyaɗa.

"Mi ya ce maka?"

"Ya ce za ta warke, Inna, in ta riƙe magani."

"Sanadin fa?"

"Daga Allah ne."

"Komi daga Allah ne. Bai ce baki ba ne?"

In na wanke Gwaggo, dole in faɗi abin da likita ya tambaya, in ɗora wa uwata dutsen da ba za ta iya saukewa ba. Na ce, "Bai ce komi ba."

Washegari na ɗaga katifar Inna ina neman hotunan, don a nan take adana su cikin leda. Babu ko ɗaya. Ƙanwata ta ce ai tun ranar da suka fara dawowa daga asibiti Inna ta zuba su a murhu, gidan ya yi ta wari. Ashe Inna ma an yi mata tambayar hoton kafin ni.

Tun daga nan nake zargin Inna ta sani, shi ya sa ta riƙe zancen kambun baka da hannu bibbiyu. Ban tambaye ta ba, kuma ina jin kunyar kaina. Ƙanwata ta samu sauƙi. Gwaggo ta koma kai nononta kasuwar Batsari, tafiyar da ta fi ƙarfin shekarunta. In muka haɗu ita ke fara gaishe ni, ta ce, "Ɗana, ya jikin ɗiyata?" Ni kuma in ce da sauƙi, in wuce.