Shamsunnahar Apa, Mai Koyar da Kwamfuta da Kunne

Ƙarfe takwas saura kwata mai riksho, wato keken ɗaukar fasinja, yake sauke Shamsunnahar Begum a ƙofar cibiyar makafi ta unguwarmu a Rajshahi. Sai ta hau bene ba ɗan jagora, ta jingine sanda, ta bi kwamfutoci shida tana kunnawa. Daga ƙugin kowacce take gane wadda ta kwana lafiya. Sannan ta zauna da shayinta na madara tana jiran ɗalibai. Shekara ashirin da huɗu ke nan a haka, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Mu dai Apa muke ce mata, wato yaya, har da waɗanda suka girme ta.

Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana shekara biyar, amma a garin nan ba a ga mai idon da ya san cikin kwamfuta kamarta ba. A ajinta linzaman kwamfuta duk suna kulle a durowa. Madannai ne da kunne, sai muryar da ke karanta abin da ke kan allo, wadda ta ƙure wa gudu har baƙo kan ɗauka faɗa ake yi.

Darasinta na farko ba ya canzawa. "Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta mai masauki ce," takan ce. "Sauran duk baƙi ne. Ita ke ba kowa ɗaki, ita ta san inda kowace takarda take, ita ke cewa wane shigo, wane jira. Hotunan da masu ido ke dannawa fentin bango ne kawai. Ku da mai masaukin za ku riƙa magana."

A tambayi Mofizul Hoque. Shekara ashirin yana akawu a wani ofishin filaye, sai ciwon sukari ya rufe masa ido. Ofis ya ba shi wata shida: ko ya ci gwajin buga takardu, ko a sallame shi. Matarsa ce ta kawo shi, yana turjewa.

"Apa, ni fa tawa ta ƙare," in ji shi. "Ko kofin shayina ba na samu sai an miƙo min."

"Kofin shayi yawo yake, Mofiz bhai, ɗan'uwana. Harafi kuwa yana nan inda ka bar shi. Kawo hannun nan, ba ya cizo."

Ta ɗora yatsunsa a kan madannai biyu masu ɗan tudu, waɗanda ake gane mazaunin yatsu da su. Sati uku ya yi yana ɓata aiki yana zagin na'ura. Ita kuwa dariya take. "Zage ta son ranka, bhai, amma ka adana aikinka tukuna."

Ranar gwaji ba a bar Apa ta shiga ba, ta zauna a benci a baranda. Ma'aikatan ofishin ne suka ba da labarin. Mofizul ya kai rabi sai manhajar rubutu ta maƙale. Shugaban sashe, Talukdar Saheb, ya kama linzami ya yi ta kaɗawa, ko gezau. Wani ya ce a zare wuta kawai. Amma in aka yi haka, kafin tsohuwar na'urar nan ta sake tashi lokaci zai ƙare, gwajin kuma ba a maimaitawa.

"Saheb, ranka ya daɗe, a ɗan dakata," in ji Mofizul, gumi na zuba. "Gidan bai rushe ba. Baƙo ɗaya ne ya yi taurin kai."

Ya danna madannai uku. Murya ta karanto masa manhajojin da ke aiki, ya sallami mai gardamar, ya sake buɗe ta. Takardarsa na nan yadda ya adana ta. Ya gama da sauran minti huɗu.

Talukdar Saheb ya duba, ya sake dubawa, ya girgiza kai. "To ai sai ka buga takardar ci gaba da aikinka da kanka. Ni in na ce zan buga, sai la'asar."

Ya buga, aka sa hannu. Ya lalubo hanya zuwa baranda ya sa ta a tafin Apa.

"Da ɗuminta ma!" ta ce. "To wa zai karanta mana, ni da kai duk kanwar ja ce?"

"Ni na rubuta, Apa. Tana kaina."

Ya fara karantowa, da ya zo kan sunansa sai ya fashe da kuka. Apa ta ce kukan ya isa, ya je ya sayo musu mangwaro.

Ke ce, Apa, kika mayar da mutum kujerarsa bayan shi da kansa ya sallama ta. Ke ce mai kunnen da ya fi idon wasunmu. Ɗalibanki suna bankuna da makarantu da gidajen rediyo, ba wanda ya san sunanki a can, ke kuma ko a jikinki. Mu mun sani, kuma farin cikin da kika sa mu ba ya ɓoyuwa. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da kuka iya na'urar nan, akwai wani a gidanku ko maƙwabta da ya zauna ya ce tasa ta ƙare. Ku ja kujera kusa da shi, ku ce ya kawo hannu.