Ranar da Na Tare Gayyar Siminti

Mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa. Gadon da ya bar mini bai wuce wani ɗan littafi da ya rubuta da ajami ba, na yadda ake kwaɓa ƙasa da jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa na shafen bango, sai kuma labarin masallacin unguwarmu. Masallacin na ƙasa ne, ya girmi kakana. Wata shekara wani mai hali ya yi niyyar alheri, ya sa aka shafe shi da siminti ciki da waje. Mahaifina ya hana, ba a saurare shi ba. Bayan 'yan damina, laima ta taru a bayan simintin ta rasa mafita, bangon gabas ya kumbura ya zube. Ina tsaye na ga mahaifina yana zaro azara daga cikin ɓaraguzai, bai ce wa kowa uffan ba.

Da girma ya kama ni, na dawo zama wajen 'yata a garin Silver Spring na ƙasar Amurka. A nan Allah ya haɗa ni da maƙwabci mutumin Filato, tsohon nas, kuma dattijo a cocinsu. Shi yake ɗaukata a mota idan za mu je shagon kayan abincin gida. Wata Alhamis muna hanya ya ba ni labari cike da murna: jama'arsu sun sami wani tsohon cocin dutse a bayan gari, an gina shi a kan fasalin cocin ƙauyukan Ingila na zamanin da. Kwaɓin da ke tsakanin duwatsun yana zubewa, don haka sun kira gayya ranar Asabar, za su cike ramukan da siminti su shafe bangon ya yi sumul.

Na ce, "Dattijo, hukumar kayan tarihi ta sani?"

Ya ce, "Takardarsu cewa ta yi kada a rushe. Mu kuwa gyara za mu yi, Malam. A gida idan kana ƙaunar gini ai siminti kake sa masa."

Gaskiya ya faɗa, haka muke yi. Shi ya sa na ƙudura cewa ranar Asabar ƙafata ƙafarsa.

Da hantsi muka isa. Ginin ƙarami ne, amma bangonsa ya kai kamu biyu kauri. Tagoginsa sirara masu tsini a sama, ga hasumiyar ƙararrawa mai kusurwa huɗu, ga tsofaffin kaburbura a gefe. Maza sun jera buhunan siminti da baro, mata sun ɗora tukwane a bayan gini. Matar maƙwabcina ta hango ni ta yi dariya.

"Malam, yau kai ne a coci? Ko dai a kira fasto?"

Na ce, "Mama, bar fasto ya huta. Tsohon ginin nan na zo ceta daga hannun mijinki."

Na roƙi a ba ni ɗan lokaci kafin a fasa buhu. Na zaga ginin a hankali har na sami abin da nake nema a ɓangaren arewa, inda rana ba ta cika taɓawa ba. Wani ya taɓa liƙe wurin da siminti tun da daɗewa. Simintin yana nan daram, amma duwatsun da ke kewaye da shi sun ɓare, fuskarsu ta zube. Na kira jama'a. Na ɗebo ɗan gutsuren tsohon kwaɓi, na farar ƙasa da yashi, na ɗiga masa ruwa, ya shanye nan take. Na ɗiga a kan simintin, ruwan ya tsaya yana kallonmu.

Na ce, "Wancan yana sha, yana kuma fitarwa. Wannan ba ya barin ruwa ya fita, sai ya maƙale a cikin dutse. Idan sanyi ya zo ya daskare, dutsen ne zai fashe."

Maƙwabcina ya ɓata rai. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mutane sun bar aikinsu, wasu tun daga Hyattsville. An dafa abinci. Ni na kira gayyar nan. Kana so in ce musu su koma gida?"

Na gane kunya ce ke damunsa, kuma na san zumuncinmu zai iya taɓuwa. Amma na ba shi labarin masallacinmu, har yadda mahaifina ya yi shiru. Na ce, "Shi ya faɗa sau ɗaya ya haƙura. Ni ba zan haƙura ba. Ɗaki ne da ake ambaton Allah a cikinsa, kuma amana ce a hannunku. Idan za a kwaɓa, sai dai a kwaɓa ina zaune a kan buhun."

Na je na zauna a kan buhunan kuwa. Ya daɗe yana duban ɓararrun duwatsun nan, ya sa yatsa ya ɓantaro wani. Sannan ya juyo ya ce wa jama'a, "Wannan tsohon ya fi jaki taurin kai. Ku kawo tsani, mu share magudanan rufi."

Gayya ba ta watse ba. Aka kwashe ganyen da ya toshe magudanai, aka cire ciyawar gindin bango, aka ci abinci. Simintin ya tafi wajen gyaran hanyar shiga. Daga baya suka rubuta wa hukuma, ta haɗa su da wani magini da ya san aikin farar ƙasa, ya koya musu.

Aikin ba ya son gaggawa, har yanzu ba a gama ɓangaren hasumiya ba. Duk Asabar ɗin da babu sanyi nakan bi maƙwabcina, in riƙe cokalin gini gwargwadon ƙarfina. Idan azahar ta yi, shi da kansa yake ɗauko mini buta daga mota. Bangon arewa ya ga sanyi biyu tun daga ranar, dutse ko ɗaya bai ƙara ɓarewa ba.