Ƙwan Fitilar Da Na Cire

Ni ba ɗan gidan ɓarayi ba ne, kuma ba yunwa ce ta tura ni sata ba. Ina so ku fara sanin wannan, ku samarin da ke koyon sana'a, domin kada wani ya ce shi ya fi ƙarfin abin da ya same ni. Mahaifina manomi ne a ƙasar Maradun. A shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya hau kan gonarmu, sai ya kama hannuna ya kawo ni Talata Mafara, ya damƙa ni ga wani makanike a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Da zai tafi ya ce mini, “Gona ta tafi, sai abin da hannunka ya iya. Ka ji tsoron Allah ga kayan mutane.” Na yi shekaru ina riƙe da wannan magana. Na ƙware, na buɗe garejina, na yi aure, har aka san ni da cewa idan mota ta gagari kowa a kawo mini.

Abin ya fara ne lokacin da motocin Kwatano, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, suka cika gari. Waɗannan motoci suna da wani ɗan ƙarfe kamar fulogi da ake ɗaurawa a jikin salansa, muna kiransa sensa. Aikinsa ya riƙa auna hayaƙin da ke fita, ya sanar da ƙwaƙwalwar mota. In ya lalace, ko ya ji wani abu ba daidai ba, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Mutanenmu suna tsoron wannan fitila ƙwarai. Mutum zai zo yana zufa, ya ce motarsa ta kunna wuta, alhali sau da yawa waya ce kawai ta saki.

Ranar farko, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ya kawo motarsa. Na shiga ƙarƙashi na ga waya ce ta zame, na mayar da ita cikin ƙiftawar ido. Da na fito ya tambaye ni, “Sensan ne ya mutu ko?” Shi da kansa ya sa mini maganar a baki. Sai na ce e. Ya biya kuɗin sabo, ya yi mini godiya har da addu'a. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Amma da na ga babu abin da ya faru, sati bai zagayo ba na sake yi wa wani.

Daga nan sai na wuce ƙarya na shiga sata sosai. Na gano akwai masu sayen sensa mai kyau, akwai kuma masu sayen katalis, wato abin da ke cikin salansa mai tace dafin hayaƙi, kuma suna ba da kuɗi masu kauri. Sai in kwance sensan mutum lafiyayye, in fasa salansa in kwashe katalis, in toshe ramin da guntun gwangwani da waya. Matsala ɗaya ce: fitilar nan za ta tona ni, domin ba za ta mutu ba. Sai na samo dabara. In buɗe bayan mita, wato allon da ke gaban direba, in zare ɗan ƙwan fitilar gaba ɗaya. Mai mota ya zo ya tayar, ya ga babu wuta, ya ce, “Kai, hannunka akwai albarka!” Ni kuma in jefa ƙwan cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin bencina. Har yau ban san abin da ya sa ban riƙa zubar da su ba.

A wannan lokaci ne manoman shinkafa na Damaga suka haɗa hannu bayan girbin rani suka sayi mota, domin kai marasa lafiya asibiti. Sun saya a hannun wani dillalin motoci na Bakura, Alhaji Bawa, mutum mai faɗa amma mai gaskiya. Suka ba wani ɗan garinsu, Isa, ya zama direba. Ba a yi wata guda ba fitilar ta kama. Nan rigima ta tashi kan wanda zai biya gyara. Mutanen Damaga suka ce an sayar musu da mota mai ciwo. Alhaji Bawa ya ce lafiya lau ta bar hannunsa, hanyarsu ce mai ramuka ta ja. Da aka rasa mafita, sai dattawa suka ce a kawo ta wurina, abin da na faɗa shi ke nan.

Suka zo da hantsi, suka zauna a inuwar darbejiya. Bayan doguwar gaisuwa, babbansu ya ce mini, “Malam, mu ba mu san ƙarfe ba. Kai munka yarda da kai. Ka duba tsakaninka da Allah ka faɗi wa ka biya.”

Na shiga ƙarƙashin motar. Waya ce ta goge da dutse, gyaran da bai kai a karɓi ko kwabo ba. Na ga kuma ƙasan motar ta baya ya yi tsatsa har ya huje, kana iya zura yatsu uku. Na gani da idona. Na fito ina share hannu na ce sensan ya daɗe da mutuwa, tun kafin a saya.

Alhaji Bawa ya miƙe tsaye. “Wallahi wagga mota lafiya ta bar hannuna! Yaro, ka sake dubawa.”

Na ce, “Alhaji, ni abin da na gani na faɗi.”

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ciro kuɗin gyara ya ajiye a kan benci ya tafi ba sallama. Da la'asar na yi wa motar abin da na saba. Na kwashe sensa da katalis, na toshe ramin da gwangwani daidai ƙarƙashin wurin da ya huje, na zare ƙwan fitila. Isa ya zo ɗauka, ya tayar, ya yi murmushi ya ce, “Alhamdu lillahi, wutar ta mutu.”

Damina ta faɗi. Wata ranar Talata da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai na ji mutane suna gudu wajen garejina suna salati. Aka ce an tsinci motar Damaga a gefen babbar magudanar ruwan noman rani, hancinta cikin taɓo, injin yana aiki, gilasai duk a rufe. Isa yana kife a kan sitiyari, matarsa Hajara a sume a gefensa. A kujerar baya kuma akwai 'yarsu Nana, 'yar shekara shida, wadda suka ɗauko za su kai asibiti saboda zazzaɓi. Isa da Hajara sun farfaɗo a asibiti da ciwon kai da amai. Nana ba ta farfaɗo ba. Likita ya ce ba zazzaɓi ne ya kashe ta ba, hayaƙin mota ne.

Sufanar da ke hannuna ta faɗi. Na zauna a ƙasa cikin ruwa.

Ban san yadda zan kwatanta muku tsoron da na shiga ba. Ko'ina na juya warin hayaƙi nake ji, a cikin tuwo, a jikin rigata, har a masallaci. In mota ta rage gudu a bakin gareji sai in ɗauka ni aka zo kamawa. In liman ya ɗaga murya a karatu sai in ji kamar da ni yake. 'Yata ƙarama tana da shekarun Nana. In ta kwanta barcin rana sai in tsaya kanta ina kallon ƙirjinta, in ga yana ɗagawa ko ya tsaya. Matata ta tambaye ni ko jifa aka yi mini. Na daka mata tsawa.

Abin da ya fi muni shi ne, laifin bai zo kaina ba. Kan Alhaji Bawa ya faɗa. Ai ni na shaida a gaban dattawa cewa ya sayar da mota mai ciwo. Samarin Damaga suka yi gayya za su je Bakura su ƙone masa wurin sana'a, da ƙyar manya suka tare su. A kasuwa aka daina amsa sallamarsa. Ni kuwa har gaisuwar ta'aziyya na je Damaga, na zauna kan tabarma, na ɗaga hannu aka shafa fatiha da ni. Isa ya riƙe hannuna ya ce, “Na gode, Malam. Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka.” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ni na kai kaina ba. Ban kai ba. Tsoro ya fi ƙarfin imanina. Alhaji Bawa ne ya ƙi yarda. Ya je Gusau ya ɗauko wani tsohon makanike, aka buɗe motar a gaban 'yan sanda. Tsohon ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya ce kowa ya duba. Duk fitilun mita suka kama, ban da guda ɗaya. Ya ce ko mota lafiyayya ce, dole wannan fitila ta nuna kanta kafin inji ya tashi. Ya zura hannu bayan mita ya tarar da gurbi babu ƙwai. Ya shiga ƙasa ya fito da guntun gwangwanina, ya ƙone ya huje.

Da suka zo garejina ban ko yi yunƙurin gudu ba. Wani ɗan sanda ya jawo gwangwanin madarar ya zazzage a kan benci. Ƙwai goma sha tara. Alhaji Bawa ya dube su, ya dube ni, ya ce, “Kowane guda mota ce? Suna bisa hanya yanzu da mutane ciki?” Ya ce, “Su wane ne? Faɗi sunansu a kira su!” Na buɗe baki, sai na ga ban tuna ko rabinsu ba. Da yawansu matafiya ne, sun tsaya sun wuce.

An yanke mini hukunci, na yi shekaru a gidan yari. Mahaifina ya rasu ina ciki, kuma bai taɓa zuwa ganina ba. Matata ta koma gidansu da yara. Wahalar gidan yari gaskiya ce, ƙwarƙwata da yunwa da cunkoso, amma ba ita ta fi cina ba. Duk lokacin da hadari ya haɗu na ji ruwa ya fara sauka kan kwano, sai in tashi zaune. Na san a wannan lokacin wani direba yana ɗaga gilashi a cikin motar da na taɓa.

Da aka sake ni, Bakura na fara zuwa. Alhaji Bawa ya tsufa, sana'ar ma ya bari, domin sunansa bai koma yadda yake ba. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce, “Ni na yafe nawa. Amma ba ni ne na biya gyaran nan da gaske ba, yaro. Tafi Damaga.”

Na ishe Isa a gonarsa yana gyaran kunya. Tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Na yi sallama, ya amsa, ya gane ni. Na ce masa na zo ne ya faɗi duk abin da zan biya, ko da zan yi masa noma har in mutu.

Ya jingina da fartanya ya ce, “Ka biya mi? Ka san abin da ba ka sani ba? Muna hanya ta ce mini, Baba, mota na wari, buɗe taga. Ni ko na ce mata a'a, ruwa ka taɓa ki zazzaɓi ya ƙaru. Na duba mita, ban ga wuta ba, na ce lafiya lau ne. Da wutar nan ta kama, wallahi da na tsaya.” Ya ɗauki fartanyarsa ya ce, “Je ka. Na bar ka da Allah, ni ma da shi aka bar ni.”

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Yanzu faci nake yi a bakin titi, ba na buɗe injin kowa. Na bi sawun motocin nan iyakar iyawata, na samo goma sha ɗaya, na faɗa wa masu su gaskiya, wasu sun zage ni, ɗaya ya mare ni, kuma ban ga laifinsa ba. Cire ta Damaga, saura bakwai ban san inda suke ba.

Ku samari, ga abin da nake roƙonku. Wanda ya kawo muku abin da bai sani ba, ya ce ku duba, ransa ya ba ku, ba ƙarfe ba. Ranar da wani ya sa muku ƙarya a baki, ku tofar da ita nan take, ko da kuɗin shayi ba ku da shi. Ni da “e” guda ɗaya na fara. Kada ku ce abin ƙarami ne, domin ƙwan da na zare bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Kai kuma mai mota, in ka taɓa tsayawa gyara a Mafara a waɗancan shekaru, ko ka sayi tsohuwar mota ba ka san hannun da ta bi ba, don Allah gobe da safe ka murɗa makulli kada ka tayar. Ka duba ko 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa ta kama. In ba ta kama ba, kada ka ɗauki kowa. In kuma yaro ya ce maka mota na wari, ka tsaya ka buɗe taga, ko da ruwan sama zai jiƙa ku duka.