Zakaran da Aka Ɗura wa Yaji

A Indabo na yi yarinta, a gidan kakata Inna Delu. Idan aka ci tuwo sai ta bar sauran garwashi a murhu, ta watsa mana gyaɗa a toka, mu zauna muna tono muna ƙona yatsu. Ba ta da haƙuri da wawaye, har na cikin tatsuniya. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani mutum da ya gaji tsohon zakara daga kawunsa. Zakaran yana cara a kan lokaci, sai dai na maƙwabta suna riga shi kaɗan. Wannan ya tsaya wa mutumin a rai, ya shiga ɗura masa yaji. Zakara kuwa ya fara riga kowa cara, amma jikinsa ya ɗau zafi, dole matar gidan ta zauna tana yi masa fifita. Daga nan lissafi ya kwance masa: ya yi cara da hantsi, ya yi da la'asar, da asuba kuma shiru.

"To, gari ya waye da wuri?" Inna ta tambaye mu tana taɓe baki.

Muka ce a'a.

"Yauwa. Sai zakaran ya mutu a hannunsa garin neman wuƙa. Ko miya ba a samu ba. Ta ƙare, kan kusun ma yau ba na bayarwa."

A lokacin dariya kawai nake yi. Yanzu ina da shago a Wudil kusa da jami'a, inda nake buga wa ɗalibai aikin kammala karatu. Kwamfutata kwance ce, yayana ya gama yayinta a Kano ya miƙo mini. Tana nawa wajen tashi, amma ba ta taɓa barina a hanya ba, kuma da ita nake ci.

Ƙanin mijina Nazifi ne ya sa mata ido. Ya kalli wasu bidiyo a waya, ya zama injiniya.

"Matar Yaya, wannan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar taki, barci take. Bari in yi mata obakulokin, wato in ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita."

Na ce, "Ta girmi gemunka, ka ƙyale ta."

Ranar Juma'a na tafi kasuwa, na bar masa shago. Na dawo na tarar ya yi wa kwamfutar obakulokin ɗin, ya cire mata murfi, ya juya fankar kwastomomi tana hura cikinta, ga wata ɗaliba, Rahama, zaune tana gumi da takardunta. Washegari za ta miƙa wa malaminta aikin, ni kuma babi guda ya rage in buga mata.

"Duba yadda take tashi yanzu," in ji shi, yana murmushi kamar wanda ya haƙa rijiya.

Kwamfutar ta tashi da sauri, ban musa ba. Bambancin bai kai a sha kofin ruwa ba. Na fara bugu, shafi bai cika ba ta ɗauke. Na kunna, ta sake ɗaukewa. A karo na gaba sai ƙauri, ba ta ƙara motsi ba. Rahama ta fara hawaye. Na kai ta shagon maƙwabcina, na roƙi aron tasa muka ƙarasa.

Ban ga abin da ya kai wannan wauta ba: a matsa wa tsohon abu don riba da ido ba ya gani, alhali yatsuna ne ke bugu, kuma saurinsu bai ƙaru ba.

Mai gyara ya duba ya ce furosesar ta ƙone har da allon da take kai. Nazifi ya sosa ƙeya ya ce ko ɗan gwangwan, mai sayen tarkacen ƙarfe, zai taya.

Na ce masa, "Mushe ne, Nazifi. Ko miya ba za a samu ba."