Burauzar Mai Jaka

Mai Jaka ake ce masa, saboda ba a taɓa ganinsa ba tare da baƙar jakarsa mai tsinkakken zif ba. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Ba shi da ofishin a zo a gani, sai tebur a kusurwar falo da fanka mai kuka. Abu ɗaya yake taƙama da shi: in ya ce abu ba zai lalace ba, to ka je ka yi barcinka.

Manhajar da ta fito da sunansa ita ce wadda ya yi wa wani ɗakin gwajin jini. A cikinta akwai burauza, irin wadda ake shiga intanet da ita, ita ke nuna sakamako ta kuma buga shi a takarda. Masu wannan aiki hanya biyu gare su. Ko ka bar manhaja ta ari burauzar da ke cikin kwamfutar, mai sabunta kanta ba sallama, ko ka ɗaure mata tata a ciki, ba ta motsi sai ka zo da kanka. Mai Jaka ta biyun ya zaɓa. Duk sabuntawa sai ya gwada a gida tukuna, sannan ya saɓi jaka ya kai da ƙafarsa. Matarsa kan ce da yana da iko, da rana ma sai ya gwada ta kafin ta fito.

"Likita," ya ce wa mai ɗakin gwajin, "ko ɗigo ba zai canza a nan ba sai da sanina. Na yi miki alkawari."

Ƙaninsa Auta shi ne abokin aikinsa. Mai Jaka ne ya koya masa komai, ya ba shi kalmar sirrin da ake shiga aikin da ita, yadda ake ba ɗan gida makulli. Auta magidanci ne mai kai, amma akwai gaggawa.

"Yaya, abin nan ya yi nauyi," yakan ce. "Mu bar ta ta riƙa sabunta kanta mana, ka huta da yawo. Ai duniya ta wuce nan."

"Ta wuce, Allah ya raka taki gona. Takardar jinin mutane ce."

Auta ya ce to. Ashe a baki kawai ya faɗa. Makon da Mai Jaka ya kwanta zazzaɓi ya aike shi da sabuntawa, sai Auta ya kwance ɗaurarriyar burauzar ya jona manhajar da mai sabunta kanta, don ya gwada wa wasu sababbin masu saye cewa tasu ma ba ta da nauyi. Ya dawo ya ce komai lafiya lau.

Watanni aka yi shiru. Ran nan burauza ta sabunta kanta, layukan takarda suka zame, adadin sukari ya koma gurbin wani gwajin. Allah ya sa ma'aikaciyar wurin ta lura kafin a miƙa wa mara lafiya.

Mai Jaka ya iso da gudu, ya tarar Auta ya riga shi. Daga bakin ƙofa ya ji muryarsa.

"Wallahi, Likita, na sha gaya wa Yaya. Tsohon yayi ne da shi, ba ya jin shawara."

Mai Jaka ya buɗe kwamfutar, kallo ɗaya ya ga abin da aka yi. Da ɗan gari akan ci gari, amma bai taɓa kawo Auta a ransa ba.

"Ka yi mini alkawari," in ji Likita. "Da saninka aka canza?"

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya dubi Auta, Auta ya dubi takalminsa. Mai Jaka ya ce zai gyara, ya gyara, Likita ta ce ta gode, daga yau kuma za ta nemi wani.

Da yamma Inna, mahaifiyarsu, ta kira shi, don Auta ya riga ya kai nasa labarin.

"Ka yi haƙuri, babba juji ne," ta ce. "Ƙaninka ne."

"Na sani, Inna. Shi ya sa abin ya yi ciwo."

Ya zauna a teburinsa. Tun ranar da ya fara koya wa Auta aiki bai taɓa canza kalmar sirrin nan ba, shi da ba ya son canji. Ya goge ta ya sa sabuwa. Matarsa ta leƙo ta tambaya ko a ajiye wa Auta abinci kamar kullum.

"Ajiye masa," ya ce. "Amma a falo, ba a teburina ba."