Motar da Shanu Suka Jawo

Murfin tukunya ya hau karkarwa a kan murhu, sai na tuna injin tsohuwar akori-kurar marigayi surukina. Shekarar da aka yi fari ya sayo ta a Bagwai, ko tashi ba ta yi. Ramammun shanun noma suka jawo ta gida, gari na ta dariya. Kullum da hantsi yakan shafa goshinta, hannu duk baƙin mai, ya ce, "Bismillah, tsohuwa, yau dai ki tashi."

Ta tashi kuwa, kafin naƙuda ta zo mini da gardama. Ita ta kai ni asibiti, yana tuƙi yana salati.

Da na ba 'yar tawa labari, sai ta ce, "Inna, ashe da Kaka ya biye wa masu dariya, da babu ni? Allah ya jiƙansa."